Rimma Arkadyevna, Kicinki Ya Yi Shiru

Da hantsin ranar Talata, 14 ga Nuwamba, ƙanwarki Nonna ta kira ni tana kuka. Ta ce kin faɗi a bakin gidan yari kina cikin layi, da ƙunshin abinci a hannunki. Likita ya ce zuciya ce.

Rimma Arkadyevna, mutanen Mosko sun san fuskarki ne daga tsohon fim ɗin nan mara launi, wanda kika fito cikinsa kina ɗaliba: masu ilimi zaune a ɗaki cikin hayaƙin taba suna ta surutu, soyayya na mutuwa a tsakaninsu ba wanda ya kula. Ni kuwa na san ki ne ranar da mijina ya kwashe kayansa. Kika tarar da ni zaune a kan matakala, kika ce, "Tashi, Zlata. Namiji ne ya tafi, ba rufin gida ba. Zo ki sha miyar kabeji." Na yi hunturu guda a kan doguwar kujerarki.

Duk kaka kina tara mu a kicinki, mu kalli fim ɗin da shayi da baƙin burodi. In kika ga kanki a allo sai ki yi tsaki: "Dubi wawiya, ta ɗauka mai gemun nan zai aure ta!" A 'yan shekarun nan kujeru suka fara ragowa. Wasu sun bar ƙasa, suka bar miki kyanwoyinsu, kika riƙe. Wasu suna nan, amma sun daina ɗaga waya.

A zaman bana wani baƙo ya zo, mai tsabta da ladabi, kowa ya zaci wani ne ya gayyato shi. Bai yi dariya ko sau ɗaya ba. Da fim ya ƙare, Matvei, ɗalibinki da kike koya wa wasan kwaikwayo, ya ce, "Su dai mutanen fim ɗin rashin abin yi ne ya ishe su. Mu tsoro ne." Baƙon ya yi murmushi, ya tambayi sunan mahaifinsa. Kika ƙara masa shayi. Ba a yi sati ba jami'an tsaro suka zo suka tafi da Matvei gidan yari.

Muka roƙe ki ki zauna a gida, kada ki kai masa kaya. Kika ce, "A kicina ya yi maganar. In ban je ba, wa zai je?" Haka kika dinga tsayuwa cikin ƙanƙara a bakin gidan yarin, riƙe da safar ulu da man alade dominsa, ga tsufa, ga ciwon ƙafa.

A wurin jana'izarki, wata mota ta tsaya nesa da ƙofar maƙabarta, inji a kunne. Muka gaisa da ido, kowa ya kama hanyarsa shi kaɗai.

Allah ya jiƙanki, ya yafe miki, ya haskaka makwancinki. Ina miƙa ta'aziyya ga Nonna Arkadyevna da 'ya'yanta, da abokanki da ke warwatse a ƙasashen mutane. Allah ya ba mu haƙuri, ya tsare waɗanda suka rage. Ina kuma yi wa Matvei ta'aziyya, ko da yake har yanzu ba a sami mai kai masa labari ba.