Ɗan Farina da Baƙin Kirsimeti

A ƙauyenmu na yamma da Ƙanƙara, mu 'yan gidajen da ke zuwa majami'a ba mu yin Kirsimeti na yini ɗaya. An gama girbi, an kai auduga, ba abin da ke kiran kowa gona. Dangi kan zo tun kafin ranar, kuma ba mai zancen tafiya sai an ga sabuwar shekara. Ni kuwa haka nake so. A ba ni murhu da mutanen hira, shi ke nan.

Shekarar da nake faɗi, tun Turawa na nan, ɗana na fari yana cikin shekararshi ta uku. Ku yaran yanzu ba ku san kunyar ɗan fari ba. Ba na kiran sunanshi, sai dai in ce "wancan". Ba na ɗaukar shi a gaban surukai. Tun da aka yaye shi ɗakin surukata yake kwana, in ya faɗi a gabana sai in kau da kai wata ta ɗaga shi. Haka na tarar ana yi.

Ƙanwar maigidana ta zo daga Sabuwa da 'ya'yanta, wasu suka zo daga Yankara, har da kawunshi musulmi, wanda shi ke yanka mana akuya don kowa ya ci. Gida ya cika maƙil. Yara na bin masu ganga gida gida, su dawo da rake da gyaɗa. Sai dai autar ƙanwar maigidan nan ta Sabuwa ta zo da tari da jan ido. Ina kwasar waina na ji uwarta na faɗa wa surukata ƙasa-ƙasa cewa ƙyanda ta shiga unguwarsu, har ta ɗauki yara. Ni kunnena ba ya barin magana ta wuce. Wainar ranar rabinta ƙonewa ta yi.

Kirsimeti ta zo, aka yi sujada, aka ci shinkafa da nama. Ni dai satar kallon wancan nake yi. Kwanonsu ɗaya da yarinyar, tabarmarsu ɗaya. Ba ni da bakin cewa a raba su. Za a ce ina ƙyamar ɗiyar baƙi, kuma saboda wa? Saboda ɗan fari.

Ana gab da sabuwar shekara, da safe na miƙa mashi kunu, yatsunshi suka taɓa nawa. Zafi rau, kamar dutsen murhu.

Na sami surukata a cikin mata ana ɓare gyaɗa, na durƙusa.

"Inna, wancan bai sha kununshi ba."

"Rake ya cika mashi ciki. Ƙyale shi."

Ƙanwar maigida, da yake abokiyar wasa ce, ta ce, "Au, yau kin san da shi? Jama'a ku ji mini mai ɗa."

Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi, na koma gindin murhu. Maigida yana zaure cikin maza, ba halin in kira shi a gaban kawunshi in ce ga abin da ke damun ɗanmu. Shi ma kunyar nan tana kanshi.

Da hantsi yara suka watse bin ganga, shi bai bi su ba. Na hango shi kwance gindin rumbu, cikin rana, yana numfashi da baki. Mata sun duƙufa koyon waƙar da za a yi a majami'a, ba wadda ta waiga. Na ɗora tukunya, na sauke. Na sake ɗorawa, ashe ko ruwa babu a ciki. Ban san lokacin da na ratsa tsakar gida ba. Na sunkuce shi na rungume, na kira sunanshi, kowa na ji.

Waƙa ta tsaya cak. Wata tsohuwa daga Yankara ta riƙe haɓa ta ce, "To, yau ga sabon salo."

Surukata ta taso, ta sa bayan hannu a wuyanshi, ta leƙa bayan kunnenshi. Sannan ta juya wajen matan.

"Ni na ce ta ɗauko mini shi. Ƙafata ke ciwo."

Ba wadda ta yarda, ba kuma wadda ta musa. Surukata ta sa aka kira ɗanta, maigidana, daga zaure.

"Fito da keke, ɗakin maganin mishan za ku. Ke kuma goya shi ki hau, ni bayana ba zai iya ba." Ta kwance mayafinta ta ɗaure mini shi da kanta, ta ja kullin da ƙarfi har sai da na yi nishi.

Ƙyandar ce kuwa. Yarinyar Sabuwa tata ta zo da sauƙi, shi kam ya sha wuya, idanunshi suka rufe kwana da kwanaki. Can muka ga sabuwar shekara, ni da shi a tabarma ɗaya, ina jin gangar wani ƙauye daga nesa. Ranar da ya buɗe ido ya ce ruwa, a kan cinyata ya sha.