Malamin da ya ari ihun ɗana

Shekarun baya, lokacin muna noman shinkafa a fadamar bayan gidanmu ta wajen Auyo, ɗana na uku ya maimaita aji huɗu. Ba daƙiƙi ba ne, Allah ya sani. Amma da shinkafa ta fara nuna, tsuntsaye jan-baki sai su sauko kamar hadari, kuma shi ne mai korarsu tun da sassafe. Lissafi duk ya wuce shi. Babansa ya ce, "In ya sake faɗuwa bana, ya ajiye bokon nan. Ga gona, ga kamun kifi."

Rannan sai ga sabon malaminsu ya yi sallama. Na ɗauka ƙara ya kawo, har na fara shirya wa yaron zazzaɓin ƙarya. Daga zaure ya ce, "Mama, in yana korar tsuntsayen nan, me yake faɗa?"

Na ce, "Me zai faɗa, Malam? Ihu mana. Haa! Haa!"

Ya yi dariya. "To, ihun nan nake so ki ara mini."

Ashe masu tsaron gona suna da yawa a ajin. Masu samun zuwa aji da safe ya bar su da allonsu, su kuwa waɗannan yake tara su bayan la'asar, ya ba su lissafi da baki. Washegari kowa na gonarsu yana kaɗa gwangwani, wannan ya ƙwala, "Bakwai sau takwas!" na can tsallake ya amsa, "Hamsin da shida!" Wanda ya kuskure kuwa, fadama gaba ɗaya ta yi masa eho.

Ni da ban cika fita ba, ina gindin murhu iska ke kawo mini muryoyinsu ta kan ruwa. Har na kai in ɗana ya yi kuskure, na riga abokansa ganewa, ina juya tuwo ina cewa, "Kai, ba haka ba ne!"

Da sakamako ya fito, ɗana ya wuce zuwa aji biyar. Babansa bai yabe shi ba, cewa kawai ya yi jan-bakin bana sun fi na bara ilimi. Amma bai ƙara tayar da zancen kifi ba.

Da wani malamin ne, bulala zai ɗauka ya jira yaro a aji. Wannan ya bi su har inda suke. Ni da na tsaya a aji biyu, har yau in na ga jan-baki sun taso, bakina da kansa ke cewa hamsin da shida, sannan in yi wa malamin nan addu'a.