Katin Anti Glenys

Shekara talatin da huɗu Glenys Pascoe ta yi tana gyaran gashi a Yeppoon, wani gari na bakin teku, a wani ɗan shago kusa da kantin magani. Kowa Anti yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. A zamanin 'yanmatancinta man kwakwa suke shafawa, su kwanta a bakin teku don fata ta yi ja. Sau biyar likita yana yanke mata tabo a kafaɗa, kuma ba ta ɓoye wa kowa.

Tana da wata ɗabi'a. Kowace mai zuwa shagon tana da kati, inda Anti take rubuta irin rinin da take so. A bayan katin kuma sai ta zana kan mutum, ta ɗiga alama a duk inda ta ga tawadar Allah ko wani tabo. Takan ce ba wanda yake ganin tsakar kansa, sai mai riƙe da mataji.

Ƙanwata Shanae tana aiki a jirgin ruwan da ke kai masu yawon shaƙatawa tsibiri. Ba ta wasa da man kariyar rana: fuska, wuya, hannu, har bayan kunne. Amma iskar teku kan ɗauke malafa, don haka 'yanmatan jirgin duk suka koma sa hular nan mai baki kawai, wadda samanta a buɗe yake. Shekara shida rana tana dukan tsagar gashinta.

Ana saura kwana tara bikin aminiyarta, ta je rini. Anti ta tsaga gashin, ta tsaya, ta ɗauko kati.

"Ke, wannan abin na tsakar kanki, a watan Yuli kamar ƙwayar riɗi yake. Yau ya kai wake, kuma launinsa biyu."

"Haba Anti, ni da nake wanka da man rana? A jirgi Farar Fatalwa suke ce mini."

"To, fatalwa, a tsaga kina shafawa?"

"Wa zai shafa mai a gashi? Don Allah ki rina mini, bayan biki sai in je."

Anti ta rufe kwanon rinin. "Ba na ɗora rini a kan abin da ban sani ba. Asibiti na nan bayan layi. Ki je, ki dawo mini da takarda."

"Akwai wasu shagunan a garin nan fa."

"Akwai. Su ba su san ki tun kina fitsarin kwance ba."

Shanae ta fita a fusace. A mota ta ɗaga waya saman kanta, ta ɗauki hoto, ta daɗe tana kallo. Ba ta je wani shagon ba.

A asibiti likita ya yanki ɗan kaɗan daga tabon aka kai gwaji. Sankarar fata ce, amma ba ta yi zurfi ba. Aka aske wurin kamar faɗin murfin kwalba, aka cire, aka yi ɗinki bakwai. Likitan ya ce duk wata uku ta dawo a duba ta daga kai har tafin ƙafa.

Da safen biki ta koma shagon, ta zauna. Anti ta ɗauki mataji. Ta mayar da tsagar gefe, ta kwantar da gashin a kan ɗinkin a hankali, ta kafe shi da fil huɗu.

"Ban da rawar girgiza kai," in ji ta.

"Anti, ciwon zai dawo?"

"Ban sani ba, 'yata. Likita ma bai ce ba zai dawo ba. Sunkuya in ga ƙeyarki."