Gawar Zoɓo ta Haggai Mai Faci

Haggai yana tsugune a bakin tashar mota ta Kontagora, ya tsoma tubu cikin baho yana neman inda iska ke fita, sai wayarsa ta yi ƙara. Ƙanwarsa Vivian ce daga Tungan Magajiya. Ya goge hannu a wando ya ɗauka.

"Wane ne wannan?" ta ce. "Don Allah, wa ke riƙe da wayar yayana?"

"Ke Vivian, lafiyarki kuwa? Ni ne mana."

Sai ta ƙwalla ƙara. A bayanta yana jiyo kukan mata, irin wanda ba a yi sai an yi rashi. Tubun ya suɓuce masa. Ya ɗauka Mama ce ta tafi. Sai da ya daka mata tsawa sannan ta iya gaya masa cewa shi ake wa kuka. Tun da safe bidiyon gawarsa ke yawo a wayoyin mutanen garin: ga shi kwance a gonar dawa cikin jini, an rubuta a ƙasa wai 'yan bindiga ne suka tare hanya.

Gawar kam tasa ce. Shi ya haɗa jinin da hannunsa.

Haggai Sati ya shigo Kontagora bayan ya gama sakandare, ya koyi facin taya, ya zauna a kai. Amma tun yana yaro yake da wata baiwa da ba ta kawo abinci: ya iya mutuwa. A wasan kwaikwayon coci kullum shi ne mamaci, don ko ƙuda ya sauka masa a fatar ido ba ya motsi. Wata matashiya a Kontagora mai suna Zinatu ce ta ga amfanin hakan. Ta gama jami'a ba ta samu aiki ba, sai ta buɗe tasha a wani dandalin bidiyo tana saka gajerun finafinan ban tsoro da Hausa, dandalin na biyanta daga tallan da yake ɗorawa a kansu. Haggai ya zama gawarta, ya zama mai haɗa mata jini. Yakan dafa zoɓo ya yi kauri, ya dama da sitaci, ya ɗiga manja don ya yi sheƙi a rana. Daga nan ne masu babur suka fara kiransa da sunansa, ba "mai faci" kawai ba.

Wani ne ya yanko tsakiyar fim ɗin, ya cire farkonsa da sunayen 'yan wasa, ya watsa. A yankin da kowa ke da wanda hanya ta ci, ba wanda ya tsaya tambaya.

Da ya je wurin Zinatu, ya same ta zaune a ƙofar gida, waya a cinya.

"Oga Haggai, an cire mana talla daga tashar gaba ɗaya," ta ce. "Mutane sun kai ƙara wai kisan gaske muka saka. Dokarsu ba ta hana fim ɗin ban tsoro ba, amma in jini ya yi yawa ba sa ɗora talla. In kuma suka yarda na gaske ne, rufe tashar za su yi."

"To, sai a gaya musu zoɓo ne."

"Wa zan gaya wa? Ba mutum a can, sai gurbin ɗaukaka ƙara. Ni gogewa zan yi duka. Tun safe ban iya cin abinci ba."

"Malama, in kika goge, kin ce musu da gaskiyarsu ke nan. Ɗauko kyamararki. Tunda a gida aka kashe ni, a gida zan tashi."

Suka hau motar Rijau, suka sauka a Tungan Magajiya. Da ya shiga gida, mahaifiyarsa Mama Rachel ta fara rafka masa mafici a ka, sannan ta riƙe shi ta ƙi saki. Maƙwabtan da suka zo gaisuwa ba su gama watsewa ba, shi kuwa su yake so. Ya ari tukunyar uwarsa, ya hura wuta a tsakar gida, ya dafa zoɓo kowa na kallo, Zinatu na ɗauka. Ya dama, ya shafa a wuya da ƙirji, ya kwanta. Mata suka ja da baya duk da sun ga yadda aka haɗa. Sannan ya miƙe, ya faɗi sunansa da sana'arsa, ya lashi yatsa.

Baba Silas, dattijon coci, ya girgiza kai. "Kai ɗan banza ne. Ni da har na zaɓi waƙar da za a yi maka!"

"Ajiye ta, Baba, wata rana za ta yi amfani."

"Rufe min baki!" in ji Mama Rachel. Ta juya wajen kyamarar ba tare da kowa ya ce ta yi ba. "Ku masu wannan abin, ɗana ne, ni na haife shi, ga shi da rai. Hankali ne kawai ba shi da shi." Sannan ta dube shi. "Kai kuma, ina raye ba za ka ƙara kwanciya min haka ba."

Kwanciyar gawa fa aka hana Haggai. Abin da ya fi iyawa a duniya ke nan.

"Na ji, Mama. Kwanciya na bari. Fim ɗin dai ban bari ba."

Zinatu ta haɗa bidiyon da ɗaukaka ƙarar ta tura. A hanyar dawowa ta ce masa ba jini, ba gawa, me ya rage na ban tsoro? Ya ce ta bari ya yi tunani, yana tunanin kuwa yana faci. Abin da ya fito da shi labarin wata rijiya ne a bayan gari: duk wanda ya jefa guga, sai ta fito da takalmin wani na gidansu, jiƙe sharkaf, alhali mai takalmin na zaune a ɗaki yana neman ɗaya ƙafar. Babu ɗigon ja ko ɗaya a ciki. Shi ya fito a mai jan guga, karo na farko da ya yi magana a fim, ya yi ta tuntuɓen harshe ana sake ɗauka. Ba wanda aka biya. Biyu daga cikin 'yan wasan sun janye, Haggai ya kawo Buba mai wankin mota ya cike gurbi ɗaya.

Sun gama fim ɗin rijiyar, sun saka, ana kallo, ba talla a kansa. Kullum in ya buɗe rumfarsa da safe sai ya kira Zinatu, ita kuma ta duba. Shafin yana nan yadda yake, an rubuta ana kan nazarin ƙarar. Har yau amsa ba ta zo ba.