Ranar da Muka Wanke Siminti

Bayan da mahaifiyata ta zame a kan tayil ta karye a ƙugu, na rantse ba za ta sake taka tayil a gidana ba. Na sa aka ƙara mata ɗaki a ƙasa, a gidanmu na unguwar Waziriyya a Jidda, na sayo katakon daɓe irin wanda ake gogewa a shafe shi tun daga masana'anta. Ita kuwa tana unguwar Bani Malik wurin ƙanena, a hawa na uku, babu lif. Burinta ɗaya ne, ta kama azumi a sabon ɗakinta.

Kawuna, ƙanenta, kafinta ne haifaffen Jidda, shi ya karɓi aikin. Ni mai gaggawa ne, shi kuwa ko gobara ake yi ba ya sauri. Da kwalayen suka iso na ce gobe a fara. Ya ce, "La, ya waladi, a'a ɗana. Katako shi ne ƙarshe. Mai fenti ya gama, mai lantarki ya kwashe tsaninsa, a kunna mukayyif mai sanyaya ɗaki. Wannan ba a kankare shi bayan an shimfiɗa. Abin da ya karce shi, halas, shi ke nan, ya zauna." Haka aka yi. Sannan ya buɗe kwalayen ya bar su a ɗakin mako guda, wai katako ya saba da iskar wurin, don damshin teku yana kumbura shi.

Saura kwana huɗu azumi kawu ya ce jibi zai fara shimfiɗa katakon. Don murna, ni da matata muka yi abin da kowane gida yake yi in ana jiran babban baƙo. Muka kwashe katakon zuwa falo, muka kwara wa simintin ruwa bokiti-bokiti, muka dirje da sabulu, muka janye da robar jan ruwa. Har da alfahari na nuna masa.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya durƙusa ya manna leda da salatif a tsakiyar ɗakin, ya ce mu haɗu da safe. Da ya ɗaga ta, cikinta duk gumi. "In na ɗora yau, nan da wata biyu zai tashi ya yi tudu. Ƙafar wa zai kama?" Na roƙe shi ya shimfiɗa haka nan, har na ɗaga masa murya, Allah ya yafe mini. Shi ya hau benen nan uku ya gaya wa mahaifiyata ba zai yiwu ba tukuna, kuma bai ce laifina ba ne. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Kullum bayan la'asar sai ya zo da azumi a bakinsa ya duba ledar. Da ta bushe, kwana biyu ya yi a durƙushe, yana barin tsaga faɗin yatsa a jikin bango don katako ya sami wurin motsi. Da ya gama, ya cire takalmi ya bi ɗakin layi-layi yana jan ƙafa a hankali, daidai yadda yayarsa take ja yanzu. Ban taɓa ganin aikin da ya burge ni haka ba.

Azumi ya kusa rabi ta dawo. A bakin ƙofa na miƙa mata hannu kamar kullum, ta ture shi. Da sandarta ta taka har gaban taga, ita kaɗai, karo na farko tun faɗuwarta. Ta juyo ta same ni da hannu a miƙe.

"Yalla, maza, tsayuwar me kake? Kawo wa kawunka dabino, an kusa kiran magariba."