Alhaji Garba da kukokin Switzerland

Ina cikin bas daga unguwar International City zuwa aiki ranar Talata aka kira ni cewa Allah Ya yi wa maigidana, Alhaji Garba mai kamfanin aika kaya gida daga unguwar Al Sabkha a nan ƙasar Larabawa, rasuwa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na yi kuka har ya ishe ni, sai kuma na tuna maganar hotuna, dariya ta ƙwace min.

Shekarata ta farko a wurinsa, wata Hajiya mai shagon kayan ɗaki a Kano ta ce a sayo mata hotunan bango. Ni aka aika kasuwar 'yan China. Na ɗebo guda tamanin, duk kwafin wani tsohon zane na wani mutumin Switzerland: ƙaramin gari a gindin duwatsu masu ƙanƙara, ga tafki, ga shanu ɓul-ɓul, rana tana faɗuwa. Ina ta jin kaina, wai na san kaya.

Alhaji ya kira Hajiya a bidiyo ya nuna mata. Ashe a tsakiyar garin akwai hasumiyar coci da gicciyenta, ni kuwa shanu suka ɗauke min hankali.

“Alhaji, wannan zan sayar wa mutanen Kano? Wane mara ido ne ya sayo? Ka kore shi, khalas, shi ke nan!”

Bizata a hannun Alhaji take, ga matata da tsohon ciki. Sai ya cire tabarau ya ce, “Hajiya, mara idon ni ne. Shwaiya, yi haƙuri kaɗan, ba ni mako ɗaya.”

'Yan Chinan sun ƙi karɓar kayansu. Sai Alhaji ya sayo fenti da burushi, ya zauna yana dasa bishiyar kuka a gaban kowace hasumiya. Mutumin da ko sa hannunsa bai taɓa yin iri ɗaya sau biyu ba. Kukar farko kamar laima ta fito. Na ce, “Ranka ya daɗe, kuka a ƙanƙara?” Ya ce, “Yalla, maza miƙo koren fenti. Baturen nan ya iya dutse da ruwa, amma gari guda babu inda dattijo zai zauna.” Da na tambaya ko bai fi sauƙi a goge hasumiyar ba, ya ce, “Ɗakin ibadar mutane ne, ba mu taɓa shi ba. Inuwa kawai muka yi masa.”

Hajiya ta karɓi kayan, har ta nemi ƙari. Daga nan 'yan Sabkha suka laƙaba masa Mara Ido, ya yi shekara tara yana amsawa da fara'a. Ni matsoraci ne, na yi shiru. Yau nake faɗa: ni ne na sayo.

Allah Ya jiƙan Alhaji Garba, Ya ba Hajiya Binta matarsa da 'ya'yansa haƙurin rashi. Ya Allah, bawan nan naKa ya rufa min asiri har ya bar duniya, Ka rufa masa nasa. Amin.