Yadda Na Mai Da Karen Littafi Na Gaske

Lokacin da abin ya faru, ni direba ne a gidan wani Bature a Unguwar Ofisoshin Jakadanci, nan Riyad. Dattijo ne ni daga ƙasar Maraɗi, boko kuwa aji uku na yi malamai suka ga na ƙoshi. A gidan akwai mai dafa abinci, Kirista 'yar Filato, Hausarta ta fi tawa gishiri. Tana karanta littattafan Turanci na Kiristoci, waɗanda ake soyayya a ciki, a kashe mutum, karen 'yan sanda ya shinshino mai laifi, ana yi ana addu'a. Duk ranar cefane takan juya mini babi guda da Hausa a cikin mota. Nakan ce mata ni tuƙi nake, ba sauraro ba, ita kuma ta ce, to Baba, me ya sa kake rage gudu in an zo wurin kare.

Ran Juma'a mukan taru da 'yan garinmu a unguwar Dira mu sha shayi, baki kuwa ya yi mini ƙaiƙayi. To amma ta yaya mai furfura zai ce mace ke karanta masa soyayyar Kiristoci? Sai na cire cocin, na cire addu'ar, na ce a unguwarmu aka yi: an tsinci gawar mai lambu, kare ya bi sawu har ƙofar wani gida. Aka matsa mini wane gida ne, na yi murmushin manya. Direbobi suka ɗauka, masu gadi suka ƙara yaji, kafin wata ya mutu gidan ya zama namu, mai kisan kuma maigidana.

Da zancen ya iso kunnensa sai ya tara mu a falo. Matarsa na jin mai lambu da kare ta gane labarin, domin ita ke ba baiwar Allahn nan littattafan in ta gama. Aka juya kan mai dafa abincin. Ta ce mutum ɗaya ta taɓa ba labarin, ta ƙi faɗin suna, ko inda nake ba ta kalla ba. Ni kuwa iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, na hannun maigida, ga iyali a gida sun zuba ido. Sai na bar ta ta ɗauki laifina. Aka sallame ta, kuma ni aka sa in kai ta filin jirgi. A hanya na roƙi gafara. Ta ce ta yafe tun a falo, haka addininta ya koya mata, sai dai in ta isa gida ba yafiya za ta dafa wa 'ya'yanta ba.

Daga baya na yi ta kiran lambarta, ba ta shiga. Ku masu daɗin baki a majalisa, in labari na aro ne ku faɗi inda kuka samo shi, ko za a yi muku dariya. Da na yarda an yi wa furfurata dariyar yini guda, da yanzu tana bakin tukunyarta.